Jira ma aiki ne: ina sa'ar ma'aikaci take farawa?

Ɗalibin Hausa da aka ba shi kalmar "aiki" ya fassara ba zai ɓata minti ɗaya ba. Amma a tambaye shi ko tsayuwa a layi a bakin ƙofar masana'anta aiki ce, sai ya yi jim. A kan wannan tambaya kotunan Amurka suka shafe shekaru sama da saba'in suna kai-kawo, kuma ina ganin a cikin tarihin akwai darasi gare mu, na harshe da na adalci.

A shekarar 1938 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar ƙwadago ta tarayya wadda ta tsayar da mafi ƙarancin lada, senti 25 a kowace awa, ta kuma ƙayyade makon aiki. An fara da awa 44, zuwa 1940 aka sauko 40. Duk awar da ta haura haka, dole a biya ta da kuɗin awa ɗaya da rabi. Dokar ta faɗi farashin awa dalla-dalla, sai dai ba ta fayyace mene ne aiki ba. Ta wannan kafa rigima ta shigo.

A 1944 Kotun Ƙoli ta duba ƙarar wasu ma'aikatan kamfanin nama na Swift da ke Fort Worth a jihar Texas, waɗanda ke kwana a harabar masana'anta wasu darare na mako don ko gobara za ta tashi. Yawancin dare babu abin da ke faruwa, suna barci ko suna hira. Kotun ta ce jira yana iya zama aiki, ta bambanta mutumin da aka ɗauka don ya yi jira da mutumin da ke jiran a ɗauke shi. Ɗalibi ya lura da yadda kalmomin suke kusan ɗaya, amma sauya musu wuri ya raba mai haƙƙin lada da wanda ba shi da ko anini. Mai gadi yana cikin kashi na farko. Lebura da ke zaune a bakin kasuwa da shebur yana cikin na biyu.

Bayan shekara biyu, a shari'ar wata masana'antar tangaran da ke Mount Clemens a jihar Michigan, kotun ta ce tafiyar da ma'aikaci ke yi daga inda ya buga katin shiga zuwa teburin aikinsa tana cikin lokacin da ake biya. Cikin wata shida aka shigar da ƙararraki fiye da 1,500, ana neman kusan dala biliyan 6. Majalisar dokoki ta firgita, a 1947 ta yi sabuwar doka da ta cire tafiya da share fage da ƙarashe-ƙarashen bayan aiki daga lissafi, sai in sun zama ɓangaren ainihin aikin da ba ya yiwuwa sai da su.

Da wannan doka aka yanke hukuncin da ya fi damuna, na Disamba 2014. Ma'aikatan da ke haɗa kayan Amazon a rumbunan ajiya na jihar Nevada sun yi ƙorafin cewa kullum bayan tashi sai sun tsaya a layin binciken sata, har na kusan minti 25, ba tare da an biya su ba. Alƙalai tara baki ɗaya suka ce ba a bin kamfanin da ya ɗauke su komai, domin an ɗauke su ne su haɗa kaya, kuma ana iya haɗa kaya ko babu binciken.

Ta fuskar lafazin doka hukuncin yana da madogara. Ta fuskar gaskiya ina ganin ya kauce. A yi lissafi: minti 25 a kwana biyar na mako, cikin mako 50, ya haura awa 100, wato fiye da makon aiki biyu da rabi a shekara. A waɗannan mintoci ma'aikaci ba ya da ikon tafiya gida, ba ya da ikon ɗauko ɗansa daga makaranta, kuma amfanin binciken na mai kaya ne. Ma'aunin da ya dace a ganina shi ne a tambaya: lokacin a hannun wa yake? In umurnin ubangida ne ya tsare mutum, to ubangida ya saye lokacin, sai ya biya.

Masu masana'antu suna da hujjar da ba za a raina ba. Suna cewa in aka bi kowace daƙiƙa, lissafi ba zai ƙare ba, kuma ƙaramin ɗan kasuwa ne zai fi jin jiki. Amsar ita ce, ranar da aka ce a biya layin, ranar za a ƙara masu bincike layin ya gajarce. Abin da mutum ke samu kyauta ba ya tattalinsa. Kotun Tarayyar Turai ta kama bakin zaren a 2019, da ta ce wajibi ne a tilasta wa masu ɗaukar aiki su kafa tsarin rubuta sa'o'in kowane ma'aikaci a kullum, tun da sa'ar da ba a rubuta ba da wuya a tabbatar da ita gaban alƙali.

Maganar ta shafe mu. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta tsayar da awa 40 a mako, adadin da ya samo asali tun dokar 1952 da Faransa ta yi wa ƙasashen da take mulka. Ta Ghana ta 2003 ita ma ta ce awa 8 a yini ko 40 a mako. Ta Nijeriya kuwa ta bar adadin ga yarjejeniya, ba ta kuma yanke farashin ƙarin lokaci ba. Amma yaron shago da ke share ƙofa tun kafin a buɗe, da direban da ke zaune cikin mota har maigida ya gama ziyara, wa ke ƙirga musu? Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya kamata mu riƙa juya karin maganar: wanda aka yi wa aski, har da zaman wasa aska, shi ma dole ya ba da lada.

Da yawa daga cikinku za su zama masu fassara a rediyo, a kotu ko a ƙungiyoyin ƙwadago. Ranar da aka miƙo muku takarda mai ɗauke da "lokacin aiki", ku tambaya ko jira yana ciki kafin ku ɗora alƙalami, domin da fassararku ma'aikacin da bai iya Faransanci ko Ingilishi ba zai san abin da yake bi.