Direba Na Gidan Yari, Mai Giya Na Ƙirga Ciniki

Idan direban bas ya yi tatul ya take yaro a titin Tudun Wada, shi kaɗai ake kamawa. Wanda ya miƙa masa kwalba ta biyar, alhali yana kallonsa yana tangaɗi, gari na wayewa sai ya share ƙofar shago ya ci gaba da ciniki. Ko gaisuwar mutuwa ba ya zuwa, balle a ambaci sunansa wajen diyya.

A hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito, Manzon Allah (S) ya la'anci mutum 10 game da giya, mai sayarwa na cikinsu. Su kansu Amurkawa da suka halasta ta ba su ƙyale shi ba. A 1959 Kotun Ƙolin jihar New Jersey ta ba iyalan wani mamaci damar ƙarar gidajen giyar da suka shayar da ɗan shekara 18, ya ja mota ya kashe musu mutum. Yawancin jihohinsu na da irin wannan doka.

A nan kuwa, da NAFDAC ta tashi hana giyar leda a Fabrairun 2024, kamfanoni suka yi ta kukan asarar jari. Asarar uwar yaron fa?

Ƙona shago ba aikin 'yan uwa matasa ba ne. In haɗari ya faru, su binciko inda direban ya sha, su riƙe shaidu. Ɗaliban lauya na Kongo kuma su tsara ƙudurin da za a kai Majalisar Dokokin Kaduna, domin a sa mai shagon cikin masu biyan diyya.