Amana Tsakaninmu da Sinawa: Darasi Daga Shagon Kawu



Hutun da ya wuce a Gummi na yi shi, a shagon kawuna mai sayar da fitilun sola. Na tarar da shi cikin damuwa. Ya haɗa jari da abokansa biyu, suka yi odar fitilu daga Gwangzu, birnin ƙasar Sin da 'yan kasuwarmu ke yawan zuwa sari. Samfurin da aka fara aiko masa yakan kwana yana ci. Kayan da suka iso kuwa, kafin a yi barci sun mutu. Kawu ya ce an ci amanarsa.

Da ya ba ni wayarsa na karanta hirarsu, sai na ga inda gizo ke saƙa. Kawu ya yi ta neman ragi har farashi ya kusa komawa rabi. Mai kamfanin bai taɓa cewa a'a ba. Ya amince, sannan ya sa ƙaramin batir daidai kuɗin. Babu inda aka rubuta girman batirin. Araha ba ta ado.

A kasuwarmu, in mai kaya ya ce ya sallama, abin da ka gani shi za ka ɗauka, magana da shaidu sun isa. Sinawa kuwa sannu a hankali suke gina yarda. Suna da kalmar "guwanshi", wato alaƙar da ake ƙullawa ta ziyara, cin abinci tare da maimaita ciniki. Suna kuma gudun kunyata mutum, shi ya sa da yawansu ba sa fitowa fili su ƙi. Kada wannan ya ba ku mamaki. Mu ma ai "albarka" muke cewa in tayi bai yi mana ba. Baƙon da bai san kasuwarmu ba zai ɗauka addu'a aka yi masa.

Ban ce mai kamfanin ya kyauta ba, ya kamata ya faɗa. Amma da an rubuta komai, da Kawu yana da abin kamawa.

Maganar takarda ta shafi dajinmu ma. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara. Shekara guda bayan haka, 'yan sanda suka kama Sinawa biyu a ƙaramar hukumar Bukkuyum bisa zargin haƙa ba bisa ƙa'ida ba. Baƙo bai san hanyar daji ba sai da ɗan gari. Don haka duk wanda ya zo wa iyayenmu da maganar haɗin gwiwa, ɗan ƙasa ne ko baƙo, a fara neman lasisinsa.

Ga aikinku a nan. Yawancin iyayenmu ku suke miƙa wa waya ku karanta musu saƙo. Ku tuna musu abu uku: a rubuta siffar kaya dalla-dalla, a fara da kaɗan, kada a biya duka kafin wani amintacce ya duba kayan.

Tun 1963 gidan rediyon Sin ke watsa shirye-shirye da Hausa. Sun koyi harshenmu. Mu nawa muka koyi nasu?

Kawu dai ya sake oda, wannan karon ni na rubuta masa sharuɗɗan. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.