Kada Mu Sayar Da Gona Don Karatun Ingila

Ya Edita,

Don Allah ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi kira ga 'yan'uwana manoma na Dutse, Kiyawa da Birnin Kudu a kan wani abu da ya fara shigo mana, wato jinginar da gona ko sayar da ita don a tura yaro karatu Ingila.

Ni ba na ƙin ilmi. Firamare kawai na yi, kuma kullum ina jin zafin hakan. Na kuma san jami'ar Oksifod ba wasa ba ce, an fi shekara 900 ana karatu a garin. Ita kuwa Kambirij tun 1209 take, har ma a 1896 akwai wani Bature mai suna Robinson da ke koyar da Hausa a can bayan ya zo Kano. To wa zai ƙi ɗansa ya taka irin wannan wuri?

Amma jama'a mu yi lissafi. Kuɗin makaranta kaɗai na baƙo a Oksifod ya haura fam 30,000 a shekara, ban da ɗaki, abinci da jirgi. A farkon 2023 fam ɗaya bai kai naira 600 a banki ba, amma a 2024 sai da ya wuce naira 2,000. Ka ga kenan a kan wannan farashin an haura naira miliyan 60 a shekara guda. Buhun riɗi nawa ke nan? Gona nawa?

Kuma ba labarin ƙanzon kurege nake ba. A 2024 jami'ar Teesside da ke Middlesbrough, garin da yaranmu suka sani a ƙwallo, ta dakatar da wasu ɗaliban Nijeriya saboda faɗuwar naira ta hana su cika biya, har aka ce su bar ƙasar. Ina ga wanda gonar gado ya sayar?

Wani maƙwabcina ya ba wani dillali kuɗin fadamarsa wai zai samo wa ɗansa gurbi da biza. Yau shekara biyu, ba gurbi, ba kuɗi, kuma fadamar tana hannun wani yana noman rani. In ka gan shi a kasuwar Shuwarin sai ka tausaya masa.

Alhali akwai hanya ta halal. Gwamnatin Ingila tana da tallafin Chevening, wanda ke biyan kuɗin digiri na biyu na shekara ɗaya, da jirgi da na abinci, da sharaɗin mutum ya dawo gida ya yi aƙalla shekara biyu. Ba a biyan ko kwabo wajen cika takardar. Akwai na Commonwealth, akwai kuma na Rhodes mai kai mutum Oksifod, ko da yake shi gurbinsa kaɗan ne ƙwarai. Duka ba sa tambayar ɗan wane ne kai, sakamako mai kyau suke dubawa. Matsalar ita ce mu a karkara ba mai gaya mana, sai dillalai.

Saboda haka ina roƙon Gwamna Malam Umar Namadi da hukumar ba da tallafin karatu ta jiha, su riƙa bayyana waɗannan hanyoyi da Hausa a Rediyo Jigawa, da lokacin buɗewa da na rufewa. Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta Sule Lamido a Kafin Hausa su ware malamin da zai taimaka wa yara cika takardu. Yaro ya fara digirinsa a nan gida tukuna, gona tana ciyar da shi.

Wanda kuma Allah ya ba sa'a ya tafi, don Allah ya karanto abin da zai amfane mu. Kacalla ta toshe ruwa a yankin Haɗejiya, ga dabinonmu na Dutse yana neman mai bincike.



Naka,
Manomi kuma ɗan tireda,
Dutse, Jihar Jigawa.