Mun Biya Haraji, Ina Magani?

Zancenmu na wannan wata a kan kuɗi ne, watau kuɗin da yake fita daga aljihunmu ya shiga baitulmalin gwamnati, da abin da ya kamata mu tarar a ɗakin shan magani na garinmu a bakin wannan kuɗi.

Dattawanmu suna tune da zamanin En'e, sa'ad da dagaci da masu unguwa sukan bi gida gida suna tara haraji, Filani kuma su biya jangali a kan kowace saniya. Akwai zalunci a ciki ƙwarai, shi ya sa talakawa suka yi murna a 1979 da Gwamna Abubakar Rimi na Kano da Gwamna Balarabe Musa na Kaduna suka soke haraji da jangali a jihohinsu. Amma a wancan zamani mai biya ya san ya biya, ya san ko nawa ne, ya kuma san hannun da ya karɓa.

Yau mutane da yawa suna tsammani ba su biyan kome, tun da ba wanda ya zo ƙofar gidansu da rasit. Ba haka ba ne. Tun 1994 ake ɗora harajin VAT a kan kayan da muke saye, da fari kashi 5 cikin 100, daga 2020 kuma kashi 7 da rabi. Wanda ya sayi katin waya, ko siminti, ko kwanon rufi, ya biya. Ma'aikaci akan yanke nasa tun albashi bai iso hannunsa ba. Mai rumfa a kasuwa da ɗan acaɓa suna yankan tikiti. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mu ne muke ɗauke da tsadar, kason da ake raba wa jihohi da ƙananan hukumomi kowane wata kuwa ya ƙaru. Saboda haka wanda ya tambayi inda kuɗin ya shiga, kayansa yake tambaya.

A watan Afrilu na 2001 shugabannin ƙasashen Afirka suka taru a Abuja, suka yi alkawari kowace ƙasa za ta ware wa kiwon lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinta na shekara. Nijeriya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa kai wannan mizani ba. A yawancin shekaru kason lafiya a kasafin Gwamnatin Tarayya yakan tsaya tsakanin kashi 4 da kashi 6. Giɓin kuwa ya faɗo a kan iyali. A cikin kowace naira 100 da ake kashewa a kan jiyya a ƙasar nan, fiye da naira 70 daga aljihun majiyyaci da danginsa take fitowa. Wannan shi ne akuyar da aka kai kasuwa ba lokacinta ba, da gonar da aka jinginar, da yaron da aka fitar daga makaranta domin a yi wa uwarsa aiki. Bisa ga ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu saboda ciki da haihuwa a duniya duka, a Nijeriya suka mutu.

Doka kam akwai. A 2014 aka sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta kafa asusu na musamman domin ƙananan asibitoci. Ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya. Ta kuma rarraba shi: rabi domin inshorar lafiyar jama'a, kashi 20 domin magunguna da alluran rigakafi, kashi 15 domin gine-gine da kayan aiki da motoci, kashi 10 domin ma'aikata, kashi 5 domin jiyyar gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi, wajen naira miliyan dubu 55, bayan shekara huɗu doka tana kwance a takarda.

Ga abin da muke so kowane mai gida da kowace uwargida su riƙe. Shirin shi ne a zaɓi ƙaramin asibiti ɗaya a kowace mazaɓa, a buɗe masa asusunsa a banki, a riƙa aika masa da kuɗi kai tsaye kowane wata uku. A shekarun farko wajen naira 300,000 ne. Ba su da yawa, amma sun isa a ɗinke rufin da yake yoyo, a gyara famfo, a sayi auduga da safar hannu, a sa fitila a ɗakin haihuwa. Ba kuwa a fitar da kuɗin sai mutum biyu sun sa hannu: shugaban asibitin, da shugaban kwamitin raya mazaɓa, wanda shi mutumin gari ne kamarmu. To, mun san sunansa? Mun san ranar da kwamitin yake zama?

Kuɗin jama'a yana da kafofin zurarewa da yawa. Akan rubuta adadi a kasafi, a karanta a rediyo, shekara ta ƙare ba a saki ko rabinsa ba. Akan gina asibiti a shafa masa fenti a yanka zare, ba ungozoma a ciki, har jemagu su gaje shi. Akan biya albashi ga sunayen da ba su da mai su. Gidan sauro da maganin zazzaɓin cizon sauro da aka kawo kyauta sukan bayyana a kasuwa da farashi.

An kuwa naɗa masu tsaro. Tsarin Mulki na 1999 ya ce Babban Mai Binciken Kuɗi ya duba littattafan gwamnati ya kai rahoto gaban Majalisa, kowace jiha ma tana da nata. Sai dai rahoton yakan fito bayan shekaru, sa'ad da mai laifi ya riga ya canja kujera. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kada ya maƙale a hannun gwamnoni. Kansilanmu shi zai faɗa mana abin da ya iso wurin ma'aji, in mun tambaye shi. Tun 2011 kuma akwai dokar 'yancin samun bayani, wadda ta ba kowa izini ya rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi ganin takardu, ba sai ya faɗi dalili ba, a kuma amsa masa cikin kwana 7.

Waɗansu 'yan'uwa suna jin nauyin irin wannan tambaya, suna gani kamar raina hukuma ne. Gaskiya ne an koya mana mu biya haraji, amma sura ta 13 ta Romawa wadda ta umarce mu da haka, ita ce ta nuna mai mulki ma'aikaci ne da aka sa domin amfanin jama'a. Mu tuna da Ezra. Sa'ad da zai taso da azurfa da zinariya zuwa Urushalima, ya auna su a gaban firistocin da ya danƙa musu. Da suka isa aka sāke aunawa, aka rubuta nauyin kome. Ba don firistocin ɓarayi ne ba. Mu ma haka muke yi da baiko ran Lahadi: mutum biyu ko uku suke ƙirgawa, a ƙarshen shekara ma'aji ya karanta rahoto, ba kuwa wanda ya ce an ci mutuncinsa. Ma'aji mai gaskiya ya fi kowa son a duba littafinsa.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai waɗanda sukan karɓi taliya da atamfa ran zaɓe, sa'an nan su rasa bakin tambaya har shekara huɗu. Akwai iyalan da sukan matsa wa ɗansu da ya sami kujera, sai ya kawo abin da ya fi albashinsa. A cikin akawuna da nas-nas da masu karɓar kuɗin kasuwa kuma akwai waɗanda muke zama a benci ɗaya da su ran Lahadi. Gargaɗin da Yohanna Mai Baftisma ya yi wa masu karɓar haraji, kada su ɗora kome a kan abin da aka ƙayyade, yana kansu har yau.

Me za mu yi? Na fari, kome muka biya a kasuwa ko a asibiti mu karɓi rasit, mu adana. Na biyu, mu bincika ko asibitin mazaɓarmu yana cikin masu samun kuɗin nan, mu roƙa a manna takardar abin da ya shigo da abin da aka kashe a bango inda kowa zai gani. Na uku, zumuntar mata ta nemi kujera a kwamitin mazaɓa, gama mata su ne suke kai yara rigakafi, su suka san daren da ba fitila a ɗakin haihuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Na huɗu, kada mu tafi mu kaɗai. Zazzaɓi ba ya tambayar addinin yaro, saboda haka mu gayyaci maƙwabtanmu Musulmi, da mai unguwa, da liman, da fasto, a je tare, a yi tambaya da ladabi, a rubuta amsar da aka bayar da ranar da aka ba da ita. In wata uku sun cika a koma da takardar a hannu.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.