Zaɓi Sonka Ko Zaɓin Na'ura?

Masu iya magana sun ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Wannan magana gaskiya ce, ba mu kuwa zo jayayya da ita ba. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata da'awa da aka cika mana kunne da ita a 'yan shekarun nan, wai zamanin danniya a fagen waƙa ya wuce, wai yanzu babu sarki babu bafade, babu kuma mai gabatar da shiri a gidan rediyo da zai tare wa mawaƙi hanya; duk mai murya da wayar hannu, ga fili ga mai doki. Masu wannan da'awa suna cewa ƙirƙirarriyar basira da kafofin sada zumunta sun 'yanta mawaƙi da mai sauraro baki ɗaya. Mu kam ba mu yarda ba. A ganinmu ubangida kawai aka sauya wa mawaƙi, sabon ubangidan nan kuwa ɗan talla ne, ba shi da kunnen jin Hausa, ba shi kuma da idon jin kunyar kowa.

Kafin mu shiga cikin maganar, ya kamata mai karatu ya tuna cewa makaɗin Hausa bai taɓa zama babu majingini ba. Ibrahim Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, Salihu Jankiɗi yana da fadar Sarkin Musulmi, Ɗan'anace yana da 'yan dambe irin su Shago, shi kuwa Mamman Shata ya haɗa sarakuna da attajirai da direbobi duk ya yi musu. Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, sai waƙa ta sami wata sabuwar hanya, shirye-shiryen zaɓe irin su Zaɓi Sonka suka ba talaka damar ya aika da kati ya ce ga waƙar da yake so, ga kuma waɗanda yake gaisarwa. Daga nan aka yi zamanin kaset da dillalan Ƙofar Wambai, sannan aka zo ga samarin da ke tura waƙa a waya a bakin kasuwa. Ba mu ce waɗancan hanyoyi ba su da aibu ba. Akwai roƙo, akwai son kai, akwai kuma satar fasaha mai yawa. Amma duk wanda ke riƙe da ƙofar a wancan lokaci mutum ne mai jin Hausa. Sarki yakan ji habaici ya san inda aka dosa, yakan kuma ba da doki ko riga saboda azancin ɗa guda na waƙa. Ko da aka nemi mawaƙa su wayar da kan jama'a game da komawa tuƙi a hannun dama a 1972, da canjin kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973, kowa ya san sanarwa ce ake yi masa, babu rufa-rufa a ciki.

To, yau wa ke zaɓa mana abin da muke ji? Manhajojin da jama'armu suka fi amfani da su, wato YouTube da TikTok da Audiomack da Boomplay, da kuma Spotify wadda ta shigo Nijeriya a 2021, kowace tana da lissafin na'ura da ke yanke shawarar abin da za a sa wa mutum a gaba. Hanyoyin da irin wannan lissafi ke bi ba boyayyu ba ne. Na farko, yana duba abin da mutane masu irin ɗabi'arka suka saurara, sai ya ce kai ma shi za ka so. Na biyu, yana auna sautin kansa, wato saurin kiɗa da ƙarfinsa da irin kayan da aka kaɗa. Na uku, yana karanta abin da aka rubuta game da waƙar, kamar sunan mai ita da rukunin da aka sa ta. Bayan wannan yana ƙirga daƙiƙa nawa ka tsaya, ko ka maimaita, ko ka tura wa wani, ko kuwa ka share da ɗan yatsa ka wuce. Mai karatu ya duba da kyau, a cikin waɗannan ma'aunai duka babu inda aka tambayi abin da mawaƙi ya faɗa. Alhali kuwa waƙar Hausa, tun fil azal, magana ce. Ƙarfinta yana ga kirari da zambo da habaici da karin magana da iya saƙa zance, kalangu da kotso da kuntigi rakiya suke yi.

Illar wannan ta riga ta bayyana a jikin waƙar kanta. A Spotify ba a lissafa cewa an saurari waƙa sai an kai daƙiƙa 30 ana jin ta, a TikTok kuwa ɗan guntu ake yanka wanda bai fi a yi juyi biyu ko uku na rawa ba. Saboda haka mawaƙin da ke son na'ura ta ɗauke shi dole ya zubar da duk abin da yake da shi tun a bakin ƙofa. Mabuɗi ya tafi, share fage ya tafi, 'ya'yan waƙa sun zama cikon benci, an bar gindi shi kaɗai ana ta nanatawa. Waƙa irin Bakandamiyar Shata, wadda mai ita yakan rera ta da tsawo, ya ƙara ya rage gwargwadon taron da ke gabansa, ina za ta sami wuri a wannan awo? Haka nan labaran da Ɗanmaraya Jos yakan ɗauko daga farko ya kai su ƙarshe da kuntiginsa, sai mai haƙuri ke cin moriyarsu, haƙuri kuwa shi ne abin da na'urar nan take hukunta mawaƙi a kansa. Yaran da ke tasowa ba su da laifi in sun bi abin da ke kawo abinci. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Me ya sa aka gina na'urar a haka? Amsa ita ce, yawancin waɗannan dandali da talla suke rayuwa. Hajar da suke sayarwa ita ce hankalinmu da lokacinmu, masu saye kuwa su ne kamfanonin sabulu da lemo da waya da sauransu. Waƙa tsaba ce da ake watsa wa kaji don su taru. A 2020 a Amurka, wani mutum ya ɗauki kansa a bidiyo yana tafe yana shan lemon Ocean Spray, wata tsohuwar waƙar ƙungiyar Fleetwood Mac ta 1977 tana tashi. Bidiyon ya bazu a TikTok, waƙar ta sake shiga jerin waɗanda ake yayi, kamfanin lemon kuwa ya sami tallan da bai biya ba, har ya ba mutumin kyautar mota. Wannan dace ne. Amma 'yan kasuwa ba sa zaman jiran dace. Sun ɗauki darasi, yanzu shirya abin ake yi. Ana biyan masu tarin mabiya su taka rawa da wata waƙa, ana sa gasa da kyauta, ana naɗa mawaƙi jakadan kamfani, mai kallo kuwa yana zaton farin jini ne daga Allah. Har ma Spotify ta fito da wani tsari a 2020 inda mawaƙi zai yarda a rage masa kasonsa domin na'ura ta riƙa tura waƙarsa gaba. A da, in aka ji mai gabatar da shiri ya karɓi na goro don ya sa faifan wani, abin kunya ne. Yau an yi wa abin suna mai daɗi, an sa shi cikin ƙa'idar aiki.

In ma an ce to ai mawaƙi yana samu, sai mu tambaya, nawa? Kuɗin da ake raba wa masu waƙa ya danganta da abin da aka tara a ƙasar da aka saurara, kuɗin rajista da na talla kuwa a Nijeriya ba su kama ƙafar na Amurka ko Ingila ba. Ke nan saurare dubu daga Kano ko Agege bai kai darajar saurare dubu daga Landan ba. Bugu da ƙari, tun daga 2024 Spotify ba ta biyan komai a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 ba a cikin shekara. A farkon shekarar 2024 ne kuma kamfanin Universal, wanda babu kamarsa a harkar waƙa a duniya, ya janye waƙoƙinsa daga TikTok na kimanin wata uku saboda saɓani kan biya da kan ƙirƙirarriyar basira, kafin su daidaita. In giwa sai da ta yi yaji kafin a saurare ta, ina ga yaron da ke haɗa waƙa a ƙaramin ɗaki a Sabo ta Ibadan? Abin da ya fi ciwo shi ne halin da magabata ke ciki. Waƙoƙin Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Musa Ɗanƙwairo da Barmani Choge suna nan birjik a intanet, kowa ya ga dama ya ɗora, sau da yawa da sunan da ba daidai ba, babu shekara, babu bayanin wanda aka yi wa. Ana sa talla a kansu, ana karɓar kuɗi. Wa ya tabbatar magadansu na ganin ko anini? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ana cikin haka sai ga wata sabuwa. A 2023 an saki wata waƙa da aka haɗa da na'ura cikin muryar mawaƙan nan na Kanada, Drake da The Weeknd, ba da saninsu ba, ta bazu kafin a sauke ta. A 2024 manyan kamfanonin waƙa suka kai Suno da Udio kotu a Amurka, wato manhajojin da ke ƙera waƙa daga 'yan kalmomi, bisa zargin an horar da su da kayan mutane ba izini. Waɗancan suna da lauyoyi. Ranar da wani ɗan kasuwa zai sa muryar ɗaya daga cikin marigayan makaɗanmu ta yabi hajar da bai taɓa gani ba, wa zai tsaya masa? Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ba su taɓa zaton za a zo lokacin da za a ari bakin, mai shi yana kabari ba.

Adalci ne mu faɗi abin da masu waccan da'awa suka yi daidai. Haƙiƙa wayar hannu ta kai waƙar Hausa zangon Kumasi da Yawunde da Sudan cikin ƙiftawar ido. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta game gidaje a 2020 ta hanyar bidiyon rawa da mata suka riƙa ɗorawa, ba ta jira izinin wani gidan rediyo ba. Maƙwabtanmu na kudu sun ga irin wannan da waƙar Love Nwantiti ta CKay, wadda ta fito a 2019, TikTok ya kai ta duniya a 2021. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ɗaya ake gani ya haye, dubu sun nutse ba a ji labarinsu ba, shi ma wanda ya hayen bai san dalili ba, balle ya maimaita. Mu da muke zaune a wannan ɓangare na ƙasa muna gani da idonmu: kamfanonin da suka buɗe ofis a Nijeriya galibinsu a Legas suke, masu tsara musu jerin waƙoƙi kuwa kiɗan Legas suka fi sani. Ba mu zarge su da mugunta ba, mutum abin da ya sani yake tallatawa. Amma sakamakon shi ne, mawaƙin Hausa da ke son a gan shi yakan ga tilas ya kwaikwayi kiɗan wasu, ya bar nasa.

Ba muna kira a jefar da waya a koma garmaho ba ne. Wanda ya ce haka ya yi ta kansa. Kiranmu shi ne mu karɓe zaɓin da muka miƙa. Wannan kuwa aiki ne da ya rataya a wuyan mu ɗalibai da malaman Hausa kafin kowa. Tun da na'ura rubutu take karantawa, to mu ba ta rubutu na gaskiya: a tattara waƙoƙin magabata, a rubuta mataninsu da ingantacciyar ƙa'ida, a sa sunan makaɗi da kayan kiɗansa da wanda ya yi wa, da yardar iyalansu. Kundayen digiri da ke shan ƙura a ɗakunan karatu cike suke da wannan aiki, fito da shi ya rage. Sannan a farfaɗo da sharhin waƙa, ta yadda za a sami masu cewa wannan ta yi, wannan ba ta yi ba, da hujja, ba da yawan mabiya ba. Mawaƙa da magadansu su nemi sanin haƙƙinsu a ƙarƙashin sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, kada su sa hannu a takardar da ba su karanta ba. Duk wanda aka biya ya yi talla da waƙa, ya fito fili ya ce talla ce, hukumar kula da tallace-tallace kuwa ta sa ido a kan haka. Shi kuma mai sauraro, ya riƙa neman waƙa da sunanta, ya ji ta har ƙarshe, ya tura wa ɗan'uwansa, kamar yadda iyayenmu suka riƙa aika katin zaɓe.

Al'ummar da ta bari baƙon da ba ya jin harshenta ya zaɓa mata waƙa, wata rana shi zai zaɓa mata abin da za ta tuna da abin da za ta manta. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Allah ya sa mu gane, ya kuma jiƙan magabatanmu da suka bar mana wannan gado.