Eksosom da Jijiyar Kafaɗa: Fata Ne, Bai Zama Magani Ba Tukuna

Tun annobar gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, duniya ta san cewa haƙar zinariya na cin rai a yammacin Zamfara. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda take cin gaɓoɓi. Mai fasa dutse da guduma a Bagega da manomin fadamar Gummi duk da kafaɗa suke cin abinci. Ranar da ta gaza, tukunyar gida ce ke hucewa.

Tsokoki huɗu ne ke riƙe kan ƙashin dantse a mazauninsa, kowace da jijiyar da ta liƙa ta da ƙashi. Idan jijiyar ta yage, likita na iya ɗinke ta, amma ɗinki ba warkewa ba ne. A halitta, mahaɗar tana sauyawa sannu a hankali daga jijiya zuwa guringuntsi, sannan ƙashi. Bayan tiyata kuwa tabo ne ke cike gurbin, kuma tabo ba ya da wannan ƙarfi. Wani bincike da Leesa Galatz da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2004 ya gano cewa cikin manyan yagewa 18 da aka ɗinke, 17 sun sake buɗewa.

Nan ne eksosom ya shigo. Ƙananan ƙunsoshi ne da ƙwayoyin jiki ke fitarwa, faɗinsu nanomita 30 zuwa 150, ɗauke da furotin da saƙonnin halitta zuwa wasu ƙwayoyin. Waɗanda aka tace daga ƙwayoyin asali na ɓargo ko kitse sun rage kumburi, sun kuma ƙarfafa mahaɗar jijiya da ƙashi a gwajin ɓeraye da zomaye.

Sai dai kafaɗar zomo ba ta ɗaga buhun dutse. A Disambar 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi bayan wasu marasa lafiya a jihar Nebraska sun galabaita sakamakon allurar eksosom, ta kuma bayyana cewa ba ta amince da ko ɗaya daga irin waɗannan kayan ba. Saboda haka iyalin da aka yi wa tallar allurar, a gida ko a ƙetare, bai kamata su sayar da gona ko shanu dominta ba. Su nemi rajistar NAFDAC da shaidar gwaji a kan mutane.

Abin da ya tabbata ya fi araha. Yagewar da aka gano da wuri ta fi ɗinkuwa, domin jijiyar da ta daɗe takan ja baya, kitse kuma ya mamaye tsokar. Mai ɗori gwani ne na karaya, amma ba ya ganin jijiya. Hoton sikanin ne ke nuna ta. Barin taba da daidaita ciwon suga na taimaka wa ɗinki ya kama. Bayan tiyata ana rataye hannu mako huɗu zuwa shida, aiki mai nauyi kuma sai bayan watanni.

Wannan hutun ne talaka ba ya iya saye. Idan gwamnatin Zamfara na son ceton kafaɗun Anka, ta fara da na'urar sikanin da ma'aikatan gashin ƙashi a babban asibitin garin, da hanyar tura majinyata Gusau, Sakkwato ko asibitin ƙashi na Dala a Kano tun ciwon bai tsufa ba. Eksosom ya ci gaba da zama a ɗakin bincike har ya kawo hujjarsa.