Gasar Badminton ta Afirka: Ina Ɗaliban Hausa?

Kwanan baya na tambayi abokan karatuna ko sun san inda aka fara gasar badminton ta nahiyar Afirka. Kowa ya yi shiru. Da a ce labarin ƙwallon ƙafar Ingila na tambaya, da duk sun zama malamai.

An fara wannan gasa ne a Kumasi ta ƙasar Ghana a 1979. Nijeriya ta sha karɓar baƙuncinta, a Legas, da Bauchi a 2000, da Fatakwal a 2019. A Fatakwal ɗin ne Anuoluwapo Opeyori da Dorcas Adesokan suka ci kofin maza da na mata a wasan ɗaya da ɗaya. Amma Hausawa nawa ne suka ji labari?

A ganina, mu ɗaliban harshe muna da namu laifin. Wasan da ba shi da kalmomi a harshenka, da wuya ka ba da labarinsa. Wane suna za mu ba wannan ƙwallo mai gashin tsuntsu, da abin buga ta? Mu zauna da malamanmu mu ƙirƙiro kalmomin, mu miƙa wa gidajen rediyo. Idan ba mu yi ba, wa zai yi mana?